Yoyon Baƙin Mai a Turbo: A Canza Sil Ko a Sauke Turbon Gaba Ɗaya?

Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba mu wannan lokaci domin mu tattauna wani batu wanda wani zai ce gareji ne muhallinsa, ba zauren taro ba. Sai dai idan muka dubi waɗanda ke zaune a nan, za mu ga direbobi da masu motocin haya, da 'yan kasuwar da abincinsu ya rataya a kan motar ɗaukar kaya guda ɗaya tak, da ma'aikatan da suka shafe shekaru suna adashi kafin su mallaki motar hawa, da kuma iyayen yaran da ke koyon kanikanci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ko ba daɗe ko ba jima, zai iya samun kansa tsaye a gaban bakanike, mota tana zubo shuɗin hayaƙi ta salansa, ana ce masa: "Alhaji, ai turbo ne yake yoyo." Daga nan sai shawara ta rabu biyu. Wani zai ce sil ne kawai ya mutu, a sayo a canza, kuɗi ƙalilan ne. Wani kuma zai ce babu wani gyara, a sauke turbon a sa wani, in ma tagwaye ne a sauke su duka. Tazarar da ke tsakanin kuɗin waɗannan shawarwari biyu ba ƙarama ba ce ga magidanci.

Ra'ayinmu, wanda za mu yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa sau da yawa duka shawarwarin biyu gaggawa ce, domin ba a yi tambayar da ta kamata a fara da ita ba, wato me ya sa man ya fita tun farko?

Turbo ba baƙon abu ba ne a duniya. Wani injiniya ɗan ƙasar Siwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar fasaharsa a 1905. An fara amfani da shi a manyan injinan jiragen ruwa a shekarun 1920, bai shiga motocin hawa na kasuwa ba sai 1962 a Amurka, sannan a 1978 kamfanin Mercedes ya fito da 300SD, motar hawa mai shan gas da turbo. A wajenmu kuwa, direbobin tirela da masu kula da manyan janareto sun daɗe da saninsa, amma mai ƙaramar mota bai da wata hulɗa da shi. Iyayen gidanmu a sana'ar kanikanci sun gogu ne a kan Peugeot 404 da 504, musamman bayan da aka fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, daga baya kuma a kan tsofaffin Toyota da Honda, waɗanda duk ba su da turbo. Abin da ya sauya shi ne dokokin rage hayaƙi da tsimin mai a Turai da Amurka, waɗanda suka sa kamfanoni ƙanƙanta inji su ɗora masa turbo domin ya ba da ƙarfin babba. Mercedes C300 ta koma inji mai silinda huɗu da turbo daga samfurin 2015. Honda Accord ta 2018 ta yi watsi da tsohon injinta ta ɗauki mai lita 1.5 ko lita 2.0, duka da turbo. Hatta Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 ta ajiye silinda takwas ta koma shida da tagwayen turbo. Sanin kowa ne cewa motar da Bature ya hau yau, ita ce tokumbonmu ta gobe. Saboda haka turbo ya riga ya shigo garejinmu, ilminsa ne bai gama isowa ba. Tun kuma da aka cire tallafin mai aka saki darajar naira a 2023, kayan gyaran da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, sai kuskure a wannan fage ya ƙara tsada.

Duk wanda ya taɓa riƙe turbo a hannu ya ga yana da siffar dodon-koɗi biyu da aka haɗa baya da baya. A cikin kowane akwai farfela, kuma sanda guda ce ta ƙarfe ta haɗa su. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya farfelar farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska ta danna ta cikin inji. Iska mai yawa tana ba da damar ƙona mai da yawa, ƙarfi ya ƙaru. Abin lura shi ne gudun wannan sanda. Lokacin da injin motarka ke juyawa sau 3,000 a minti guda a kan hanyar Kano zuwa Zariya, sandar ƙaramin turbo tana iya wuce juyi 150,000, wasu ma har sama da 200,000. Zafin hayaƙin da ke dukan farfelar farko kuwa, a motar fetur, yakan kusanci digiri 1,000 idan an taka totur sosai. A tsakanin gidajen farfelun nan biyu akwai gidan tsakiya, inda sandar ke kwance cikin wasu 'yan bushin. A mafi yawan turbo, sandar ba ta taɓa bushin ɗin ba yayin aiki, tana shawagi ne a kan wani siririn shimfiɗin baƙin mai wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Man yana shigowa ta sama ta wani siririn bututu da ƙarfin famfon inji, ya yi aikinsa, ya koma kumfa, sannan ya fita ta ƙasa ta wani bututu mai faɗi ya gangara cikin kaskon mai. A riƙe wannan da kyau: shigowarsa da ƙarfin famfo ne, amma fitarsa babu mai tura shi, nauyinsa ne kaɗai ke gangarar da shi.

Yanzu sai maganar sil, wadda ita ce tushen rashin fahimtar. Da zarar an ce sil, hankalinmu kan tafi ga baƙar robar nan da muka saba gani a bakin giyabos ko a ƙafar mota, wadda in ta tsufa ta bushe sai ta fara ɗiga, a cire a sa sabuwa, magana ta ƙare. Babu irin wannan robar a kan sandar turbo, domin babu robar da za ta jure wannan gudu da wannan zafi. Abin da ke wurin wani ɗan zobe ne na ƙarfe, ƙanen ringin fistin, yana ma da 'yar tsaga kamar yadda ringi ke da ita. Yana zaune cikin wani ɗan kwarmi a jikin sanda, ya manne da bangon gida, sanda tana juyawa shi yana tsaye. Babban aikinsa ma ba tsare mai ba ne, hana hayaƙi da iskar da aka danna kutsawa cikin gidan tsakiya ne. Abin da ke hana mai fita abu biyu ne: matsin iska da hayaƙi da ke waje ya fi wanda ke cikin gidan tsakiya, sannan man yana samun hanyar gangarawa ba tare da ya taru ya kai bakin zoben ba. Duk ranar da ɗayan waɗannan biyu ya lalace, mai zai wuce ta zoben, ko da jiya aka fito da turbon daga kwali.

Masu gidan soro za su fi kowa gane wannan. Idan indararo ya toshe da damina, ruwa yakan kwanta a kan rufi har ya sami hanyar ɗiga cikin ɗaki. Maigida zai iya sake yaɓe sau uku, zai ma iya rushe rufin ya zuba sabon azara, amma muddin indararon na toshe, ruwan sama na gaba zai sake jiƙa masa tabarma.

Indararon turbo shi ne bututun nan na ƙasa, kuma shi ya kamata a fara kwancewa. Yakan toshe da ƙonannen mai da ya daskare ya zama kamar gawayi, yakan lanƙwashe idan an taɓa sauke inji ba a mayar da shi daidai ba, yakan kuma cushe da gam ɗin da wasu ke shafawa a madadin gasket, wanda in an ɗaure noti sai ya matso ciki. Wani lokacin bututun a buɗe yake sarai, amma cikin injin ne ya cika da iska har man ya kasa sauka. Kowane inji yana da hanyar numfashi wadda ke fitar da tururin da ya kuɓuce ta gefen fistin. In wannan hanya ta toshe, ko kuma ringin fistin sun cinye har tururin ya fi ƙarfinta, sai matsi ya taru a kaskon mai ya riƙa tokare man da ke son gangarowa daga turbo. A buɗe murfin zuba mai inji yana silo. Idan ya riƙa huro hayaƙi fuf-fuf kamar tukunya a kan murhu, to ciwon yana cikin inji, kuma sabon turbon da za a sa zai gaji yoyon tsohon. Wannan ita ce asarar da ta fi ba mu takaici, domin mutum ya biya kuɗin turbo, bayan mako biyu hayaƙi ya dawo, ya koma yana zagin mai kanti cewa jabu ya sayar masa, alhali kayan ba su da laifi.

Akwai kuma masu ƙara mai ya haura alamar geji wai don tsaro. Idan man kasko ya taso ya rufe bakin bututun gangara, an toshe indararo ke nan da hannu.

Sai batun matacin iska, wanda ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen da aka ƙera motocin. Turbo mazuƙi ne mai ƙarfin gaske. Idan ƙurar hunturu ta cika filta, shi ba zai daina zuƙa ba, sai ya jawo abin da ke kusa da shi, wato man da ke bayan zobe. Nan za a ga mai ya jiƙe tiyon iska, a yanke wa sil hukunci. Maganin da wasu ke yi, wato bubbuga filta a jikin taya ko hura ta da iska mai ƙarfi har takardar ta yage, ko ma cire ta gaba ɗaya, ya fi cutar muni, domin yashin da ya shiga zai riƙa cin bakin farfela kamar yadda magagari ke cin ƙarfe. Lokacin canza filta da littafin mota ya ambata an tsara shi ne ga hanyoyin da ba su da ƙura irin tamu. Motar da ke bin kasuwannin ƙauye tsakanin Disamba da Fabrairu tana bukatar a riƙa duba tata akai-akai.

Doguwar silo ma tana da nata. Mun san al'adar barin mota a kunne awa biyu ko uku a ƙofar gidan biki ko ofis domin sanyin AC ya jira maigida. A silo turbo ba ya danna iskar kirki, matsin da ke tare mai daga waje ya yi rauni, mai ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan, sai an tashi tafiya a ga gajimaren hayaƙi a baya. Haka nan motar da aka fasa wa tukunyar tace hayaƙi, wadda 'yan gareji ke kira indomi, takan fara nuna hayaƙin da a da tukunyar ke ƙonewa ba a gani.

Kada kuma a manta cewa ba duk man da aka gani a jikin turbo ne nasa ba. Gasket ɗin murfin saman inji yakan ɗiga ya zubo a kansa, zafi ya ƙona shi ya yi wari. Wasa-wasan bakin bututun mai sukan saki. Ɗan danshin mai a cikin tiyon iska kuwa abu ne da aka saba gani, daga hanyar numfashin inji yake zuwa. A wanke wurin tas, a yi tafiya, a sake dubawa daga sama zuwa ƙasa. Duk waɗannan da muka lissafa, ba a bukatar a buɗe cikin turbo ko a sayi wani, kuma da yawa daga cikin motocin da ake yanke wa hukuncin sauke turbo a nan ciwonsu ya tsaya.

To, amma akwai ranar da turbon ne da kansa ya gaji. Gane wannan ba ya bukatar kwamfuta. Inji a kashe kuma a sanyaye, a cire tiyon da ke shiga bakin turbo, a kama kan sandar da yatsu biyu. Idan aka motsa ta gefe da gefe za a ji ɗan motsi kaɗan, wannan gurbin mai ne, ba laifi ba ne, matuƙar farfela ba ta gogar bango. Idan aka ja ta ciki da waje kuwa, bai kamata yatsa ya ji wani motsi ba. A haska tocila a ga ko bakin farfela ya ɓantare, ko akwai alamar karce a bangon gida. In an haɗa da kukan jiniya lokacin da aka taka totur, da raguwar ƙarfi a hawa, to bushin sun cinye. Musabbabin wannan kusan kullum mai ne: jinkirta juye, ko jabun mai, ko mai kauri irin 20W-50 da ake zuba wa kowace mota da hujjar wai ƙasarmu da zafi, alhali kamfani ya rubuta 5W-30 ko 0W-20. Akwai kuma kashe mota nan take bayan doguwar tafiya. Famfo ya tsaya, man da ya rage a gidan tsakiya ya soyu a kan ƙarfe mai zafi ya zama gawayi. Minti ɗaya ko biyu na silo kafin a murɗa makulli ya isa ya kawar da wannan.

A irin wannan hali ne maganar "sil kawai" ke rushewa. Zoben ƙarfen nan ba ya cinyewa haka kurum, domin ba shi da wani nauyi da yake ɗauka. Idan aka same shi ya cinye, to sanda ce ta fara rawa ta riƙa dukansa, kuma takan ci kwarmin da yake zaune ciki da bangon da yake mannewa. Sabon zobe a kan sanda mai rawa kwanansa ƙidayayyu ne. Ke nan idan turbo lafiya yake, canza sil aikin banza ne, idan kuma ya gaji, canza sil bai isa ba. Gurbin da ya rage wa wannan shawara ɗan ƙanƙane ne ƙwarai.

Gyaran gaskiya shi ne a wargaza turbon a canza bushin da zobba da farantin da ke tare sanda daga motsin ciki da waje, ana sayar da su tare a ƙunshi guda. Aikin ba ya gagarar bakanike mai natsuwa. Inda gizo ke saƙar shi ne balansin. Kowane direba ya san yadda sitiyari ke karkarwa idan taya ta rasa ɗan dalmar nan da ake manna mata, alhali taya a gudun kilomita 100 ba ta kai juyi 1,000 a minti ba. To, ina ga abin da ya ninka wannan sau 150 ko fiye? Kamfanonin da ke ƙera turbo da masu sabunta shi suna ɗora shi a kan wata na'ura ta musamman wadda ke juya shi da gudun aiki tana auna girgiza, ana kankare ƙarfe ɗan mitsitsi har ya daidaita. Wasu makanikai sukan yi alama a kan farfela da noti su mayar da kowane inda yake. A manyan turbo na tirela, waɗanda gudunsu bai kai na ƙanana ba, wannan dabara takan yi aiki idan ba a canza farfela ba. A ƙaramin turbon motar hawa kuwa caca ce. Tambaya ɗaya za ka yi wa mai gyara: ina na'urar balansin? In babu, a nemi wata hanya.

Wata hanyar, wadda a ganinmu ita ce ta fi dacewa da aljihun yawancinmu, ita ce sayen zuciyar turbo, abin da 'yan kasuwa ke kira katirij. Gidan tsakiya ne sukutum da sandarsa da farfelunsa biyu da bushin da zobba, an haɗa an yi masa balansin tun daga masana'anta. Sai a kwance dodon-koɗin nan biyu na tsohon turbo a ɗaura su a kansa. Duk abin da ke cinyewa ya zama sabo, kuma kuɗinsa bai kai na cikakken turbo ba. Yana da sharuɗɗa: kada gidajen biyu su kasance sun tsage ko farfela ta kwarzane su, kuma 'yar ƙofar da ke rage hayaƙi idan matsi ya yi yawa ta kasance tana rufewa ruf. A motocin gas na zamani masu 'yan fukafukai da ke buɗewa da rufewa a gidan hayaƙi, sai an tabbatar baƙin toka bai maƙale su ba. A sayi katirij da lambar da ke kan ɗan farantin jikin turbo, ba da sunan mota ba, domin mota iri ɗaya takan zo da turbo daban-daban. Sanannun maƙera su ne Garrett da BorgWarner da Mitsubishi da IHI, sai Holset a manyan motoci. Kwalin da ba shi da suna ba shi da adireshi, mai araha fiye da hankali, a yi hattara da shi.

Cikakken turbo sai ya zama dole idan farfela ta fashe, ko gida ya tsage, ko ƙofar rage hayaƙi ta cinye. Nan ma zaɓi biyu ne, sabo ko tokumbo. A Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna za a sami na tokumbo jibge. Ba mu raina su ba. Turbon asali da aka ciro daga motar da ta yi haɗari da ƙuruciyarta yakan fi sabon da ba a san mahaifinsa ba. Sai dai babu mai gaya maka tarihinsa, kuma wanka da fetur yakan mayar da tsoho yaro. A gwada sandarsa da yatsu kamar yadda muka bayyana, a leƙa ramin fitar mai a ga ko akwai gawayi, a kuma yi yarjejeniyar mayarwa a gaban shaida kafin kuɗi ya bar hannu.

Saura tambayar tagwaye: idan ɗaya ya mutu, dole ne a canza biyun? Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne injin BMW mai lamba N54, wanda ya fara fitowa a 335i a 2006. Silinda shida ne a jere, lita 3.0, da ƙananan turbo biyu ƙirar Mitsubishi, kowane yana cin hayaƙin silinda uku. An san injin da ciwon ƙofar rage hayaƙi, wadda hannunta ke cinyewa ya riƙa kacau-kacau, har sai da kamfanin ya tsawaita garantin wannan ɓangare a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 82,000. Duk irin wannan mota da ta iso gare mu a yau ta daɗe da wuce wannan wa'adi. Tun da ƙofar tana jikin gidan hayaƙi ne, katirij ba zai magance kacau-kacau ɗin ba. Bugu da ƙari, turbon biyu suna maƙale a gefe guda a wani lungu, wanda kafin a kai gare su yawancin makanikai sai sun sassauto ƙarfen da ke ɗauke da inji. Aikin kwance ɗaya kusan shi ne aikin kwance biyu. A irin wannan mota, idan ɗaya ya gaji saboda tsufa, ɗan'uwansa ma mai ɗaya suka sha, tafiya ɗaya suka yi, zafi ɗaya suka jure, saboda haka canza biyun lokaci guda ya fi biyan ladan aiki sau biyu. Amma ko a nan sai an bi matakan farko, domin wannan inji ya shahara da ɗigar murfin sama, wanda man nasa ke gangarowa daidai kan turbo, kuma hanyar numfashinsa a cikin murfin take. Daga 2009 kamfanin ya fara maye gurbinsa da N55 mai turbo guda.

Lamarin ya bambanta a injin da silindarsa suka rabu gida biyu, kamar Land Cruiser 200 mai shan gas da ta fito a 2007, inda kowane ɓangare ke da turbonsa da bututansa. Idan abin da ya kashe ɗaya nasa ne shi kaɗai, alal misali noti ya faɗa masa ko bututun mansa ya toshe, kuma aka gwada ɗayan aka same shi daram, ba mu ga hujjar taɓa mai lafiya ba. Abin da za a kiyaye shi ne wanda za a sa ya zama lamba ɗaya da na asali, domin kada ɓangare guda ya riƙa rinjayar ɗaya.

Akwai gargaɗi na musamman ga masu motocin gas, irin su Hilux da Hiace da manyan motoci, domin wannan ya wuce batun kuɗi. Injin gas yana iya ƙona baƙin mai kamar yadda yake ƙona gas. Idan turbo ya saki mai da yawa ya taru a cikin intakula, wato ɗan lagireton da ke sanyaya iska, wata rana inji zai zuƙe shi ya fara gudu da kansa. Ko an zare makulli ba zai mutu ba, sai ƙara da farin hayaƙi su yi ta ƙaruwa har ya shanye man kasko ya buga, ko ya tarwatse. In haka ta faru a mota mai giyar hannu, a taka birki da ƙarfi, a sa giya mafi girma, a saki kuloci domin injin ya shaƙe. In ba haka ba, a toshe bakin shigar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba, a kuma nisantar da fasinjoji. Motar gas da ke shan mai ta turbo ba motar da za a ce bari a yi lodi ɗaya tukuna ba ce.

Ko wace hanya aka zaɓa, ranar ɗaurawa ita ke yanke tsawon ran sabon. A canza siririn bututun da ke kawo mai, domin gawayin da ke cikinsa ba ya wankuwa duka, kuma ƙwaya ɗaya ta isa ta karce sabon bushin. A yi juye da man da kamfani ya ambata, a sa sabuwar filtar mai da ta iska. A kwance intakula da tiyoyinta a zubar da man da ya kwanta, a kuma tabbatar babu ɓaraguzan tsohuwar farfela a ciki. Kada gam ya kusanci ramukan mai. Kafin a ɗaura bututun sama, a ɗura mai mai tsabta cikin ramin a juya farfela da yatsa, sannan a tayar da inji a bar shi a silo na 'yan mintoci, kada yaron gareji ya hau totur don a ji kukan sabon turbo. Maigidan mota ya karɓi tsohon turbonsa ya tafi da shi, domin gidajensa suna da daraja, kuma shi ne shaida idan gardama ta taso.

Bayan an gama komai, mota za ta iya ci gaba da ɗan hayaƙi na kwana ɗaya ko biyu, saboda tsohon man da ya jiƙe cikin salansa sai ya ƙone a hankali. Ba wannan ne abin dubawa ba. A riƙa zaro geji kowace safiya har tsawon mako biyu, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a ga ko man yana nan inda aka bar shi.